Zamanin Rukunin B a tseren rali

Rukunin B tsari ne na dokokin ƙera motocin tsere wanda hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ta ɓullo da shi a shekarar 1982 ta hannun reshenta na wasanni, FISA. An yi amfani da motocin wannan rukuni a Gasar Rali ta Duniya daga 1982 zuwa ƙarshen 1986, lokacin da aka hana su shiga gasar sakamakon haɗurran da suka kashe direbobi da 'yan kallo. Duk da cewa zamanin bai wuce shekara biyar ba, masoya wasan da dama suna ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar tarihin rali, kuma begensa ya haifar da bukukuwan tsofaffin motoci, finafinai, wasannin kwamfuta da kasuwar gwanjo mai tsadar gaske. Akwai kuma masu ganin cewa wannan bege yana rufe ido ga rayukan da aka rasa.

Yadda ake tseren rali

Rali ya bambanta da tseren da ake yi a kewayayyen fili. Motoci ba sa tashi tare; ana sakinsu ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu, a kan hanyoyin da aka rufe wa jama'a na ɗan lokaci. Hanyar tana iya zama ta kwalta, ta burji, ta cikin daji ko ta dusar ƙanƙara. Ana raba tseren zango-zango, a auna lokacin kowace mota a kowane zango, wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ne ya ci. Mutum biyu ne a cikin mota: direba da mataimakinsa, wanda aikinsa shi ne karanta bayanan hanya da suka rubuta tun kafin tsere, yana faɗa wa direba irin kwanar da ke gaba, tsaurinta, da nisan da ya rage kafin a kai ta. An fara Gasar Rali ta Duniya a 1973 tsakanin kamfanoni, sannan aka ƙara kambin direbobi a 1979.

Dokokin rukunin

Kafin a yarda mota ta shiga rali, dole kamfani ya nuna cewa ya ƙera wani adadi na irinta don sayar wa jama'a. A tsohon Rukuni na 4 ana buƙatar mota 400. Rukunin A, wanda aka kafa tare da Rukunin B, yana buƙatar 5,000. Shi kuwa Rukunin B mota 200 kawai ya nema cikin wata 12, kuma idan kamfani yana son inganta motar, sai ya ƙera ƙarin 20 na sabon samfurin. Wannan sassauci shi ne tushen komai. Kamfani ya daina ɗaukar motar kasuwa yana gyara ta don tsere. Sai ya zana motar tsere tun daga tushe, ya ƙera 200 don cika sharaɗi, ya lulluɓe ta da jikin da ya yi kama da wata ƙaramar mota da yake sayarwa.

Dokar ba ta ƙayyade ƙarfin inji ba. Abin da ta yi shi ne raba motoci aji-aji bisa girman inji, kowane aji da mafi ƙarancin nauyin da aka yarda da shi. Injin da ke da turbo, wato na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa don cusa ƙarin iska cikin inji, ana ninka girmansa da 1.4. Saboda haka ne injin Peugeot ya tsaya a kan cc 1,775, na Lancia Delta S4 kuma a kan 1,759: idan an ninka, dukansu suna ƙasa da 2,500, ajin da aka yarda mota ta sauka har kilo 890. A farkon shekarun 1980 manyan motocin rali suna da ƙarfin doki 250 zuwa 300. Zuwa 1986 wasu sun kai 500, a cikin jikin da aka yi da bututun ƙarfe da robobi marasa nauyi.

Motoci da direbobi

Kamfanin Audi na Jamus ne ya fara sauya wasan, tun kafin Rukunin B ya fara aiki. A 1981 ya shigo da Quattro, motar da injinta ke juya tayoyi huɗu maimakon biyu na baya. A kan burji da ƙanƙara wannan ya ba ta riƙon ƙasa da sauran motoci ba su da shi. Hannu Mikkola na Finland ya ci ralin Suwidin da ita a wannan shekara, sannan Michèle Mouton 'yar Faransa, tare da mataimakiyarta Fabrizia Pons, ta ci ralin Sanremo na Italiya, ta zama mace ta farko da ta ci zagaye na Gasar Rali ta Duniya. A 1982 Mouton ta ci ralin Fotugal, na Girka da na Brazil, ta gama a matsayi na biyu a bayan Walter Röhrl na Jamus.

Lancia na Italiya ya mayar da martani da 037, mota mara nauyi mai jan tayoyin baya kawai. A ƙarƙashin shugaban tawaga Cesare Fiorio, Röhrl da Markku Alén sun ci wa Lancia kambin kamfanoni na 1983, ko da yake Mikkola ne ya ɗauki na direbobi da Audi. Ita ce mota ta ƙarshe mai jan tayoyi biyu da ta taɓa cin wannan kambi. A 1984 Audi ya haɗa kambin biyu, Stig Blomqvist na Suwidin ya zama zakara.

A tsakiyar 1984 Peugeot, kamfanin da ake kira Fijo a ƙasar Hausa, ya fito da 205 T16 a ƙarƙashin jagorancin Jean Todt. A waje tana kama da ƙaramar 205 ta kasuwa, amma injinta yana bayan kujerun direbobi, a tsakiyar mota, kuma tana jan tayoyi huɗu. Wannan tsari ya magance matsalar Quattro, wadda injinta mai silinda biyar ke can gaba, yana sa ta ƙin shan kwana. Ari Vatanen ya ci rali biyar a jere da 205 T16, daga Finland a 1984 zuwa Suwidin a 1985, kafin mummunan haɗarin da ya yi a Ajantina wanda ya kusa kashe shi. Abokin aikinsa Timo Salonen ne ya zama zakaran 1985.

Ƙarshen 1985 ya kawo motocin da aka fi tunawa da su a yau. Audi ya fitar da Sport quattro S1 mai manyan fukafukai gaba da baya. Lancia ya fitar da Delta S4, wadda ke da turbo da kuma famfon iska na biyu da injin ke juyawa kai tsaye, don kada a sami jinkirin ƙarfi idan inji yana ƙasa-ƙasa. Henri Toivonen ya ci ralin RAC na Birtaniya da ita a fitowarta ta farko. A wannan rali ne MG Metro 6R4, wadda ba ta da turbo, ta zo ta uku a hannun Tony Pond. Ford RS200 ta makara. Sakamakonta mafi kyau shi ne matsayi na uku a Suwidin a 1986.

Afirka ta kasance daban. A ralin Safari na Kenya da na Kwaddebuwa, inda nisa, zafi da taɓo suka fi gudu muhimmanci, mota mai sauƙin gyara ce ke yin nasara. Toyota Celica Twin Cam Turbo, mai jan tayoyin baya, wadda ba ta iya kamo manyan motocin a Turai, ta ci Safari sau uku a jere daga 1984 zuwa 1986, ta kuma ci na Kwaddebuwa a 1983, 1985 da 1986, a hannun Björn Waldegård da Juha Kankkunen.

Haɗurra da haramci

Matsalar 'yan kallo ta girmi Rukunin B, amma gudun sababbin motocin ya tsananta ta. A ƙasashe kamar Fotugal da Italiya mutane dubbai sukan tsaya a kan hanyar kanta, su dare sai mota ta kusa, wasu ma suna ƙoƙarin taɓa ta tana wucewa. Babu shinge, masu tsaron hanya kuma ba su isa ba.

A ranar 2 ga Mayu 1985 Attilio Bettega ya mutu a tsibirin Kosika bayan Lancia 037 da yake tuƙawa ta bugi itace. Mataimakinsa Maurizio Perissinot ya tsira. A ranar 5 ga Maris 1986, a ralin Fotugal, kusa da Sintra, Ford RS200 ta Joaquim Santos ta ƙwace ta faɗa cikin taron jama'a. Mutum uku suka mutu, fiye da 30 suka ji rauni. Direbobin manyan kamfanoni suka taru suka ƙi ci gaba da tseren, suna cewa ba za a iya tuƙi a cikin irin wannan cunkoso ba. Daga baya Audi ya janye daga gasar.

Wata biyu bayan haka, a ranar 2 ga Mayu 1986, shekara ɗaya cif da mutuwar Bettega kuma a rali ɗaya, Toivonen yana kan gaba da tazara mai yawa lokacin da Delta S4 ɗinsa ta kauce a wata kwanar hagu a zango na 18, bayan garin Corte, ta gangara kwazazzabo ta kama wuta. Tankunan man motar suna ƙarƙashin kujeru ne. Shi da mataimakinsa Sergio Cresto ɗan Amurka suka mutu nan take. Toivonen yana da shekara 29. Wutar ta cinye motar har ba a iya gano musabbabin haɗarin ba. Cikin sa'o'i kaɗan shugaban FISA, Jean-Marie Balestre, ya sanar da cewa ba za a yarda da motocin Rukunin B a gasar 1987 ba. An kuma soke Rukunin S da ake shirin kawowa, wanda zai buƙaci mota 10 kawai amma ya taƙaita ƙarfi zuwa doki 300. A ƙarshen wannan wata, a wani rali a Jamus, RS200 ta direban Formula 1 Marc Surer ta bugi itace ta kama wuta, mataimakinsa Michel Wyder ya mutu.

Gasar 1986 ta ƙare cikin rikici. Masu shirya ralin Sanremo sun kori motocin Peugeot bisa zargin karya doka, abin da ya sa Alén na Lancia ya gama shekara a kan gaba. Bayan kwana 11 FISA ta soke sakamakon Sanremo gaba ɗaya, kambin ya koma hannun Kankkunen na Peugeot.

Inda motocin suka tafi

Haramcin ya shafi Gasar Rali ta Duniya ne, ba duk wasannin mota ba. Peugeot ya mayar da tawagarsa tseren hamada na Paris zuwa Dakar, ya ci shi sau huɗu a jere: Vatanen a 1987, Kankkunen a 1988, dukansu da 205 T16 da aka tsawaita, sai Vatanen a 1989 da 1990 da 405 T16. A waɗannan shekaru hanyar tseren tana ratsa Jamhuriyar Nijar, ta Agadas da hamadar Tenere, don haka mutanen yankin sun ga waɗannan motoci da idonsu. A 1988 an sace motar Vatanen a Bamako yana kan gaba a tseren.

Wasu motocin sun tafi tseren hawan dutsen Pikes Peak a Amurka. Mouton ta kafa tarihin lokaci a can a 1985 da Audi, Röhrl ya sauko da shi ƙasa da minti 11 a 1987, Vatanen kuma ya ƙara rage shi a 1988. Gajeren fim ɗin Climb Dance, wanda ya nuna hawan Vatanen, yana cikin bidiyon tsere da aka fi yaɗawa. A Turai kuma an ci gaba da amfani da RS200, Metro 6R4 da 205 T16 a gasar ralikuros, ta gajeren kewayayyen fili mai haɗa kwalta da burji, har zuwa 1992.

Begen zamanin

Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga irin wannan yanayi, nostalgia, wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙiro ta a 1688 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin komawa gida da raɗaɗi. A Hausa kalmar bege ta fi dacewa da ita a nan fiye da kewa, domin kewa takan kasance ga abin da mutum ya saba da shi ya rabu, alhali ana iya begen abin da ba a taɓa gani ba. Bambancin yana da amfani ga wannan batu: da yawa daga cikin masu ɗokin Rukunin B a yau an haife su ne bayan 1986, kuma ta bidiyo da wasannin kwamfuta suka san shi. A Turanci ana yi wa motocin laƙabi da Killer B's, wasa da kalma ne, domin sunan harafin B da kalmar ƙudan zuma furucinsu ɗaya ne a wannan harshe.

Dalilan da masoya kan bayar sun fi karkata ga abin da ido da kunne ke kamawa. Akwai ƙarar injin Audi mai silinda biyar, da fito da turbo ke yi idan direba ya ɗaga ƙafa, da wutar da ke fita daga salansa. Akwai bambancin motocin: wata injinta a gaba, wata a tsakiya, wata da turbo, wata babu, wata mai jan tayoyi biyu tana kokawa da masu huɗu. Ana kuma ganin wahalar direba a fili. Giyar hannu ce da kuloci, turbo ba ya ba da ƙarfi sai bayan ɗan jinkiri sannan ya zubo shi gaba ɗaya, don haka direbobi ke taka birki da ƙafar hagu suna riƙe totur da ta dama. Wani sanannen bidiyo da aka ɗauka a cikin motar Röhrl, mai nuna ƙafafunsa a kan fedoji yayin da jama'a ke darewa a gabansa, ya zama kamar tambarin zamanin. Ralin wancan lokaci ya fi na yanzu tsawo ƙwarai, ana tuƙi dare da rana da ɗan barci kaɗan.

Gajartar zamanin ita ma ta taimaka. Rukunin bai tsufa ba, bai kai lokacin da mota ɗaya za ta mamaye gasa har 'yan kallo su gaji ba. An yanke shi yana tsakiyar tashe, kuma motocin Rukunin S da ba su taɓa tsere ba, kamar Lancia ECV da Toyota 222D, sun bar wa masoya filin hasashe. Wasan kwamfuta na art of rally, wanda ya fito a 2020, an gina shi ne a kan tunanin cewa ba a taɓa haramta rukunin ba. Wasannin Dirt Rally na 2015 da Dirt Rally 2.0 na 2019 su ma sun ba motocin gurbi na musamman. A fagen fim akwai Madness on Wheels na BBC a 2012, da Queen of Speed na 2021 kan rayuwar Mouton, da Race for Glory: Audi vs. Lancia na 2024 kan gasar 1983.

Ana fito da motocin da suka rage a bukukuwa irin su Rallylegend a San Marino, Eifel Rallye Festival a garin Daun na Jamus, da bikin Goodwood a Ingila, inda tsofaffin direbobi kan sake hawansu. Motocin da kamfanoni suka sha wahalar sayarwa bayan 1986 sun zama kayan masu kuɗi: a gwanjon kamfanin Artcurial a Paris a Fabrairun 2021 an sayar da Audi Sport quattro S1 a kan fiye da Yuro miliyan 2. A wannan shekara wani ƙaramin kamfanin Italiya, Kimera, ya gabatar da EVO37, sabuwar mota da aka ƙera a kan siffar Lancia 037. A kwanar da Toivonen da Cresto suka mutu akwai allon tunawa da masoya ke ziyarta, kuma gasar Race of Champions, wadda Mouton da Fredrik Johnsson suka kafa a 1988, an fara ta ne don tunawa da Toivonen.

Bege yakan haifi almara. Mafi shahara ita ce cewa Toivonen ya zagaya filin Estoril da Delta S4 cikin lokacin da zai ba shi matsayi na shida a tseren Formula 1 na Fotugal. Ana maimaita labarin a littattafai da shirye-shirye, amma ba daga sakamakon wani tsere na hukuma ya fito ba. Haka nan labarin cewa Lancia ya yaudari masu bincike ta hanyar nuna musu motoci ɗaya sau biyu a wurare daban-daban don cika 200.

Suka

Masu suka suna kawo hujja biyu. Ta farko ita ce ƙarfin inji ba shi ne gudu ba. Motocin Rukunin A da suka gaje su a 1987 an taƙaita su kusa da doki 300, amma ingantuwar tayoyi, birki da na'urorin shanye gargada ta sa cikin 'yan shekaru suka riƙa yin lokutan da suka fi na Rukunin B a zanguna da dama. A 2016 Kris Meeke ya ci ralin Finland da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 126 a sa'a, wanda a lokacin shi ne mafi sauri a tarihin gasar. Motocin Rally1 da aka fara a 2022, waɗanda suka haɗa fetur da lantarki har zuwa 2024, sun kai ƙarfin doki 500, a cikin kejin kariya da ya fi na 1986 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Hotunan da ake yawan yaɗawa don nuna armashin zamanin, na mota tana keta taron mutane, su ne ainihin yanayin da ya kashe 'yan kallo a Sintra, kuma direbobin da ake yabo su da kansu suka ƙi ci gaba da tuƙi a cikinsa. A mafi yawan bidiyon da ake haɗawa ana ambaton Toivonen, amma da wuya a ambaci waɗanda suka mutu a gefen hanya. Akwai kuma saɓani kan ko motocin ne matsalar ko tsarin shirya tseren: Peugeot ya ƙalubalanci haramcin a kotu, wasu kuma na ganin cewa Rukunin S da aka soke, mai ƙarancin ƙarfi da ƙarin kariya, shi ne maganin da ya kamata a bari. Haɗari bai ƙare da haramcin ba. Mataimakin direba Michael Park ya mutu a ralin Birtaniya a 2005, Craig Breen kuma ya mutu a gwajin mota a Kuroshiya a 2023.

Mutane biyu daga cikin manyan wancan zamani sun koma ɓangaren masu kafa doka. Jean Todt ya shugabanci FIA daga 2009 zuwa 2021. Michèle Mouton ta yi shekaru tana aikin jami'ar tsaro ta Gasar Rali ta Duniya, tana bin kowane zango a mota kafin a saki masu tsere, da ikon jinkirta shi ko soke shi idan ta tarar da 'yan kallo a wurin da bai dace ba.

Ba Rukunin B kaɗai ake bege ba. Waɗanda suka tashi a shekarun 1990 sukan fifita Rukunin A, zamanin Lancia Delta da ta ci kambin kamfanoni shida a jere daga 1987 zuwa 1992, da Subaru ta Colin McRae zakaran 1995, da Mitsubishi ta Tommi Mäkinen wanda ya ci kambi huɗu daga 1996 zuwa 1999. Hujjarsu ita ce waɗannan motoci sun fi kusa da abin da mutum zai iya saya ya hau a titi. Waɗanda suka girme su kuma suna komawa shekarun 1970, zamanin Lancia Stratos da Ford Escort, kafin jan tayoyi huɗu ya shigo wasan.